Na Je Koyon Magana, Aka Koya Mini Shiru

Ranar da na je yi wa Kawu sallama a gidansa da ke Takur, na ce masa na samu gurbin karatun digiri na biyu, kuma in Allah Ya yarda idan na gama zan zama kansila. Sai ya ajiye carbinsa ya dube ni sosai, ya ce, "Ikon Allah! Ke kuma yaushe kika shiga siyasa? A wace mazaɓa? Shi maigidan naki ya yarda?"

Mai karatu, kada ka yi wa Kawu dariya da yawa, don kansila ɗaya muka sani a ƙasar Hausa, wato na ƙaramar hukuma. Turanci ne ya zo da kalmomi biyu masu sauti ɗaya. Na yi masa bayani cewa nawa kansilancin na sauraron matsalolin mutane ne da ba su shawara, kuma reshe ne na ilimin halayyar ɗan'adam, wanda 'yan boko ke kira saikoloji. Ya ce, "Au, nasiha? To ai wannan ba sai an je jami'a ba. Hajiya ma tana yi, ba ta kuwa taɓa shiga aji ba."

Ban ba shi amsa ba, domin a gaskiya ni ma abin da na ɗauka ke nan. A zatona zan je ne in ƙaro dabarun magana, in dawo bakina ya fi da zaƙi.

Bari in faɗa maka abin da ya kore ni daga gida zuwa wannan karatu. Ni malamar sakandaren 'yan mata ce ta kwana, a nan tsakiyar Jigawa. Wata shekara akwai wata yarinya a ajina, ba zan faɗi sunanta ba, wadda ta dawo daga gida bayan rasuwar mahaifiyarta. Da can mai ƙoƙari ce, mai surutu. Sai ta koma ba ta cewa uffan, tana rama, wani lokaci kuma ta yanke jiki ta faɗi ana tsakiyar darasi. Ka san halinmu. Tun zamanin Sumbuka, a tsakiyar shekarun 1990, duk yarinyar da ta faɗi a makaranta amsar a shirye take: mutanen ɓoye ne. Aka yi mata ruƙiyya, aka turara mata abin da za a turara.

Ni kuma da nake ganin na fi kowa wayewa, sai na kira ta ofis. Wallahi na fi rabin awa ina zuba. Na ce mata kowa ɗan haƙuri ne, mutuwa riga ce a wuyan kowa, ba a kanta aka fara ba, ta dubi wance da ta rasa uwa da uba rana ɗaya. Ta sunkuyar da kai har na gama. Ta ce, "To Malama, na gode." Na koma gida ina jin na yi aikin lada.

Bayan hutu ba ta dawo ba. Ƙawarta ce ta gaya mini abin da ban sani ba. Ashe a gabanta uwar ta cika, wajen haihuwa, cikin dare, ana neman motar da za ta kai ta asibiti. Ita ce aka aika kiran maƙwabci, kuma tun daga ranar take ganin da ta ƙara sauri da uwarta ba ta mutu ba. Bayan sadakar bakwai aka sa ta a mota aka mayar da ita makaranta. Ƙawar ta ce, "Malama, kowa haƙuri yake ba ta, babu wanda ya tambaye ta."

Wannan magana ita ta hana ni barci, ita ta sa na sayi fom.

A lokacin Jami'ar Tarayya ta Dutse, da aka kafa a 2011, tana rarrafe, don haka dole a fita. Jami'ar Bayero da ke Kano tana ba da digiri na biyu a fannin jagoranci da ba da shawara a tsangayarta ta ilimi, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma sashe guda ta ware wa halayyar ɗalibai da ba da shawara. Ba zan ce ga wadda na shiga ba, abin da zan ce kawai na haddace hanyar Wudil da duk ramin da ke kanta. Tsarin kusan ɗaya ne: mai digirin farko a fannin ko wani na kusa da shi ya wuce kai tsaye, wanda ya fito daga wani fanni sau da yawa sai ya fara da babbar difloma. A yi darussa, a tura ka koyon aiki, sannan ka rubuta kundin bincike ka kare shi a gaban malamai.

Abu na farko da aka warware mana shi ne mutum uku da muke cuɗawa wuri ɗaya. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya gama karatun likitanci sannan ya ƙware, shi ke rubuta magani da kwantar da marar lafiya. Akwai masanin halayya na asibiti, wanda ya yi saikoloji, ya yi digiri na biyu a ɓangaren jinya kamar yadda ake yi a Jos da Ibadan, shi gwaje-gwaje yake yi da jinya ta hanyar zama da tattaunawa. Sai mu, 'yan autan gidan, da muke makarantu da wuraren aiki, muna fama da matsalar karatu, zaɓen sana'a, rikicin gida, rashi, shaye-shaye tun yana farkonsa. Fannin namu ba sabo ba ne a Nijeriya. Tarihinsa ana ɗauko shi daga 1959, a wata makarantar 'yan mata ta mishan a Ibadan, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 kuma ta ce a samar da masu ba da shawara a makarantu. Ka lissafa shekarun da kanka, sannan ka tuna ko a makarantarku ka taɓa ganin ɗaya.

To amma darasin da ya karya ni ba a littafi yake ba. Wata rana malaminmu, wani dattijo marar hayaniya, ya ajiye kujeru biyu a gaban aji. Ya ce wata ta zauna a matsayin ɗalibar da ke cikin damuwa, ni kuma in karɓe ta. Ka san mai hali, ban yi minti ɗaya ba na kama hanya. Da lokaci ya cika ya ɗaga agogonsa ya ce, "Malama, cikin minti goma kin ci takwas. Ita kuwa da ta zo da kayan, ko ɗaurin ba ta kwance ba." Aji ya ɗauki dariya. Ni kuwa ban yi ba, don fuskar yarinyar nan ce ta tsaya mini, kanta a sunkuye, tana cewa ta gode.

Daga nan aka shiga horar da mu abin da na ɗauka kowa ya iya. Yadda za ka zauna ba tebur tsakaninku. Yadda za ka yi tambayar da ba a amsa ta da i ko a'a. Yadda za ka maimaita wa mutum abin da ya faɗa da naka bakin, ya ji ko haka yake nufi. Mafi wuya duka, yadda za ka bar shiru ya zauna a ɗaki ba ka yi tsalle ka cike shi ba. Carl Rogers, Ba'amurken da ya rasu a 1987, shi ne uban wannan hanya. A ganinsa abu uku ke sa zama ya yi amfani: ka zama ba ka da fuska biyu, ka karɓi mutum ba tare da sharaɗi ba, ka yi ƙoƙarin ganin abin daga inda yake tsaye.

Na yi gardama, ba zan ɓoye maka ba. Na ce wannan tarbiyyar Turawa ce, mu nan babba ke magana yaro ya saurara, kuma addini nasiha ne. Wani ɗan ajinmu, malamin Islamiyya, shi ya miƙo mini littafin Farfesa Malik Badri, masanin Sudan da ya rasu a 2021, wanda tun 1979 ya yi rubutu kan tsaka-mai-wuyar da Musulmi masu wannan ilimi ke ciki. Shi ma bai yarda a haɗiye komai na Turawa ba, musamman na Freud. Amma ta hannunsa na san Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934 miladiyya. Fiye da shekara dubu da suka wuce wannan bawan Allah ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashi ko asara, da wanda yake sauko wa mutum haka siddan, tushensa a jiki, mai bukatar magani. Na ce ashe kayanmu ne muka bari a baya. Ba a hana ni nasiha ba. An nuna mini cewa tana da lokacinta, kuma lokacin ba farkon zama ba ne.

Sai matsalar harshe. Littattafanmu duk na Turanci ne, misalansu na Amurka da Ingila. Amma matar da za ta zauna a gabanka a Kiyawa ko Jahun ba za ta ce tana da ciwon damuwa ba. Cewa za ta yi ƙirjinta ya yi nauyi, ko kanta yana ɗaukar zafi, ko wani abu na yi mata yawo a jiki. Ta sha maganin zazzaɓi da na olsa har ta gaji. In ba ka san Hausar ciwo ba, digirinka ado ne.

Kuma an ja mana kunne ƙwarai kan sanin iyaka. Wanda ke jin muryoyi, wanda ya kwana uku ba barci yana ta surutai, wanda ya ambaci kashe kansa, wannan ba na hira ba ne kawai, a yi maza a haɗa shi da likita. Muna da asibitin masu taɓin hankali a Kazaure, ga na Dawanau da na Malam Aminu Kano a Kano. Riƙe sirri wajibi ne, amma yana ƙarewa a inda rai ya shiga haɗari. Maganar ruƙiyya kuwa, ban taɓa ce wa uwa kada ta kai 'yarta wurin malam ba. Cewa nake a haɗa biyu, a tabbata kuma ba duka ba ɗauri. Dakta Thomas Adeoye Lambo ma, tun 1954 a Aro kusa da Abekuta, sauke marasa lafiya ya riƙa yi a ƙauyukan da ke kewaye tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya, bai kuwa rage masa komai ba, don har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya zama.

Aikin fa yana da yawa, ma'aikatan kaɗan ne. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya da aka fitar a farkon 2019 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Kodin sai da ya gama da gidaje kafin a hana shi a 2018. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa kuwa sai a Janairun 2023 aka sa mata hannu, ta maye gurbin ta 1958 da Turawa suka bar mana.

Yanzu bari in juyo kanku, marubuta da 'yan fim, tunda a gidanku nake. Ni 'yar gidan hayar littafi ce, da kuɗin tara na karanta In Da So Da Ƙauna da Alhaki Kuykuyo Ne. Na kuma san yadda 'yan mata suka riƙa rubuta wa marubuta wasiƙu suna zayyana abin da ba za su iya gaya wa iyayensu ba. Ke nan tun kafin mu yi digiri ku ne kansilolin farko, ko kun sani ko ba ku sani ba. Shi ya sa nake jin ciwo idan na ga mahaukacin fim: tsumma, gwangwani a wuya, yana bin yara ana dariya. Ko kuma jaruma ta haukace ranar da saurayi ya yaudare ta, ta warke tas ranar da ya dawo. Likitan fim shi ma magana ɗaya ya iya, a guji ɓata mata rai. Ɗalibaina suna kallo. Wadda ke fama a cikinsu sai ta ce ai ni ban kai haka ba, ta ja bakinta ta rufe. Don Allah wani ya rubuta mana wadda ke dafa abinci, tana gaida miji, tana zuwa biki, alhali a ciki ta gama rushewa. Ita ce muke gani kullum.

Da na dawo da takardata, ba a yi mini kiɗa ba. Ofishin da aka ba ni tsohon sito ne, darussana na aji ba a rage ko ɗaya ba, kuma da farko duk wadda ta yi laifi ni ake turo wa, har yara suka ɗauka ɗakin horo ne. Sai da na yi zango guda ina roƙon a daina. Na fitar da teburin, na bar kujeru biyu da tabarma.

Kawu har gobe Kansila yake kirana, yana tambaya yaushe za a gyara musu kwata. Yarinyar farko kuwa ban sake ganinta ba, na ji dai an yi mata aure a wajen Birnin Kudu.

Makon jiya wata 'yar aji huɗu ta leƙo bayan sallar la'asar. Ta zauna a tabarma tana murza bakin hijabinta. Na ce mata ina jin ta, duk lokacin da ta shirya. Muka yi kusan minti ashirin, ba abin da ake ji sai hayaniyar masu ɗiban ruwa a famfo. Sau uku "ki yi haƙuri" tana zuwa mini har leɓe ina mayar da ita. Da aka kaɗa ƙararrawar cin abinci ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, ta juyo.

Ta ce, "Malama, gobe ma zan iya zuwa?"

Na ce, "Ƙofa a buɗe take. Ƙarfe huɗu da rabi."