Ƙarfen da ke bayan Kawu

Yawancinmu a fim muka fara ganin ƙaramar bindiga. Jarumi ya kai hannu baya, ya ɗage riga, ya zaro ta daga tsatso kamar mai ciro salula. A fada, in shayi ya kai na biyu, ba a rasa wanda zai miƙe ya kwaikwayi wannan zarowa, a kwashe da dariya. Ni kam abin ba ya ba ni dariya, don gida ɗaya nake da mutumin da yau shekara uku ke nan yana yawo da ita a wurin.

Kawuna fataucin dabbobi yake yi tsakanin Maradi da kasuwannin bakin iyaka, wajen Madarumfa da Ɗan Isa. Duk wanda ya san yankin ya san yadda ya koma. Tun 2019 ƴan gudun hijira suka riƙa kwararowa daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, satar shanu da ɗaukar mutane don kuɗin fansa suka biyo bayansu. An ɗauke wani abokin cinikin Kawu, sai da danginsa suka sayar da gona da garke kafin a sako shi. Bayan wannan ne Kawu ya samo ƙarfen. Samun sa bai yi masa wuya ba, don tun faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai suka watsu a Sahel. Takardar izini, wadda doka ta ce sai ma'aikatar cikin gida ta bayar, ita ce ba shi da ita. Shi ya sa duk shingen jandarma da ya hango, sai zufa ta karyo masa ko da sanyin Janairu ne.

Bai taɓa faɗa mani ba. A moto na gane, ran da ya goya ni zuwa tasha. Muka faɗa rami, na buge bayansa, na ji wani abu mai tauri ya tokare mani ciki. Ya juyo ya kalle ni, na kau da kai. Daga ranar na fara lura da abubuwan da da ban kula da su ba.

Kawu ya daina jingina. A kujera bakin-baki yake zama, kamar baƙon da ke jiran a sallame shi. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, shi yana cikin babbar riga. Mutumin da a da sahun farko yake salla ya koma sahun ƙarshe, jikin bango, saboda in ya yi ruku'u riga takan lafe, na baya ya ga shacin abin. A kasuwa ba ya yarda kowa ya tsaya bayansa. Ya ɓoye ta inda idonsa ba ya kaiwa, sai ya zamana kullum hankalinsa na can yana gadin ta.

Wani abokina da ke karatun likita a Yamai ya yi mani bayanin wurin. Ƙasusuwa biyar ne a jere a tsatso, jijiyoyin da ke sauka ƙafafu ta nan suke bi. In mutum ya faɗo daga moto ta baya, ƙarfe mai nauyin kusan kilo guda yana tsakanin ƙashin bayansa da ƙasa, yana iya tashi da ciwon da zai bi shi har tsufa, yana iya kasa tashi gaba ɗaya. Kawu kuwa kullum cikin yashi yake tuƙi. Sannan ko zaro ta za a yi, sai hannu ya lanƙwasa baya, bakinta ya ratsa ta gefen ƙugun mai ita kafin ya kalli gaba. Wanda ya shammace ka ta baya ma ya fi ka kusa da ita. Su kuma waɗanda ake tsoro ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba. A motoci suke zuwa, da kalashinikof mai cin harsashi 30.

Wata rana da dare na yi ƙarfin hali na ce, "Kawu, abin nan bai dame ku ba?"

Ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce, "Ɗana, in na bar ta gida tsoro nake ji, in na ɗauke ta tsoro nake ji. Na dai zaɓi wanda zan iya fita kasuwa da shi."

Ban ga laifinsa ba, har yau. Mutum ne mai ciyar da baki goma sha ɗaya, kuma ba shi ya kawo ƴan bindiga daji ba. A watan Satumba na 2000 iyayenmu sun ga an tara bindigogi an cinna masu wuta a Agadas, aka ce tawaye ya ƙare. Mu da aka haifa bayan wannan wuta, ga shi muna ganin bindiga ta dawo a ƙugun ɗan kasuwa mai zuwa masallaci. Wanda ya kamata ya tsare hanyar Madarumfa ba Kawu ba ne.

Amma ku ƴan'uwana da ke sha'awar abin, ga abin da fim bai nuna maku ba. Kawu na da ƴa, autarsa. Da, in ya dawo daga kasuwa, takan sheƙo ta ɗare bayansa tun daga zaure. Wata yamma ta yi yadda ta saba, ya daka mata tsawar da duk gidan ya yi tsit, ya ɓanɓare hannunta daga wuyansa, jikinsa na rawa. Ba ta san me ta yi ba, kuma ba wanda zai iya faɗa mata. Yanzu shekararta bakwai. In ya shigo, daga nesa take durƙusawa ta ce, "Baba, sannu da zuwa." Baƙi sukan yaba, su ce yarinyar nan akwai ladabi.