Sifilin da Ke Ɓacewa Wajen Loda Matakan Tsaro

A ofisoshin da ke kula da tsaron bayanai akwai wani ɗan aiki da ba ya cin minti biyar. Ma'aikaci yana da jadawalin Excel, kowane layi ɗauke da matakin tsaro guda: lambarsa, sunansa, bayaninsa, da wanda aka ɗora wa alhakinsa. Ga kuma sabuwar manhaja da aka sayo don ta riƙa bibiyar ko ana bin ƙa'ida. Sai ya zaɓi fayil, ya nuna wa manhajar cewa wannan ginshiƙin na lamba ne, wancan na suna, ya danna. Saƙo ya fito cewa an loda lafiya, kowa ya koma harkarsa. Ni kuwa a ganina, a cikin waɗannan 'yan mintoci ne ake sanin ko aikin shekara guda zai tsaya a kan gaskiya.

Mu ɗauki ISO 27001, ma'aunin tsaron bayanai da bankuna da kamfanonin biyan kuɗi ke neman shaidarsa a ƙasashe da yawa, har da Najeriya. Bugun 2013 yana da matakai 114. Da aka sabunta shi a watan Oktoba na 2022 sai suka koma 93, aka kasa su gida huɗu: 37 na tsarin gudanarwa, 8 na ma'aikata, 14 na gine-gine da kayan aiki, 34 na fasaha. An ba masu tsohuwar shaida wa'adin ƙarshen Oktoban 2025 su koma sabon bugu. Wannan ya sa dubban ma'aikatu suka sake rubuta jadawalinsu, suka sake lodawa.

Lambobin sabon bugun gajeru ne: 5.1, 5.2, 5.3, haka har 5.37. A idon mutum, 5.10 na nufin mataki na goma a sashe na biyar. A wurin Excel kuwa adadi ne na lissafi, biyar da ɗigo ɗaya, sifilin ƙarshe ba shi da amfani. Da zarar an rubuta shi a gurbin da ba a saita shi a matsayin rubutu ba, ko aka buɗe fayil ɗin CSV kai tsaye aka sake adanawa, 5.10 ya zama 5.1. Babu gargaɗi, babu jan layi.

Matakai bakwai ne wannan ke shafa: 5.10, 5.20, 5.30, 7.10, 8.10, 8.20 da 8.30. Kowanne yana faɗawa kan lambar wani matakin da ba su haɗa komai ba. 5.2 yana magana ne kan rabon ayyukan tsaro tsakanin ma'aikata, 5.20 kuwa kan sharuɗɗan tsaro da ake sa wa 'yan kwangila a yarjejeniya. 8.2 na taƙaita masu babban iko a kan na'urori ne, 8.20 na tsaron hanyoyin sadarwa. Biyu daga cikin bakwai ɗin ma suna cikin sababbin matakai 11 da aka ƙaro a 2022, waɗanda ma'aikata ba su riga sun saba da su ba, balle su lura idan babu su: 5.30, wato shirin ci gaba da aiki idan na'urori suka tsaya, da 8.10, wato goge bayanan da aka gama amfani da su.

Abin da zai biyo baya ya danganta da manhajar. Wata takan ƙi karɓa, ta ce lamba ta maimaitu, kuma wannan ita ce mai tausayi, domin ta tona matsalar tun da wuri. Wata takan ajiye duka biyun a ƙarƙashin lamba ɗaya. Wata kuma takan ɗauka gyara aka kawo, sai ta ɗora na baya a kan na farko. A nan ne 93 ke komawa 86, allo kuma ya ci gaba da nuna kashi ɗari bisa ɗari, tunda lissafinsa a kan abin da ya shiga yake yinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kuskure ke samun daraja bayan ya shiga. Yana cikin jadawali, kowa ya san ɗan'adam ne ya rubuta, ana dubawa da shakka. Da ya shiga manhaja, sai a ce ai haka na'ura ta nuna. Daga nan ake raba aiki, ake aika saƙon tuni, ake tara hujjoji, ake fitar da rahoton da shugabanni za su sa wa hannu. Matakin da bai shiga ba, ba wanda za a ba shi, ba wanda za a tuna wa, ba hujjar da za a nema. Idan 8.10 ne ya ɓata, ana iya shekara ba wanda ya tambayi ina kwafin katin shaidar tsofaffin abokan ciniki yake, alhali dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum damar neman a goge bayanansa. Sai ran da odita ya zo, ko ran da ɓarawon intanet ya riga shi zuwa.

Wannan ɗabi'a ta Excel ta taɓa fannonin da suka fi wannan girma. Wani nazari na 2016 ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na takardun kimiyyar ƙwayoyin gado masu ɗauke da jadawalin Excel suna da sunayen da suka rikiɗe, irin SEPT2 da ya koma ranar 2 ga Satumba. A 2020 kwamitin da ke raɗa waɗannan sunaye ya sauya wasunsu don su tsira. Masu rubuta takardun masana ne, masu kula, amma abin ya wuce su, saboda ido ba ya neman kuskure a inda bai zata ba.

Maganin ba shi da tsada. A saita ginshiƙin lamba a matsayin rubutu kafin a zuba komai, ko a sa harafi a gaba, a rubuta A.5.10, yadda Excel ba zai taɓa shi ba. A buɗe fayil ɗin CSV da manhajar rubutu zalla a ga ainihin abin da ke ciki. A fara gwaji da layi kaɗan. Bayan lodi kuma a ƙirga: 37, 8, 14, 34, sannan a nemi waɗancan bakwai ɗaya bayan ɗaya. Mai sito a kasuwar Dawanau ba ya sa hannu don direba ya ce kaya sun cika. Tsayawa yake yi a ƙirga buhuna ana saukewa, don ya san bayan mota ta tashi ba sauran magana. A duba kuma ginshiƙin mai alhaki, kada a bar shi fayau, kada a cika shi da sunan sashe, domin abin da aka ce na kowa ne ba mai tashi dominsa.

Hukumar NIST ta Amurka ta fitar da tsarin OSCAL a 2021 domin manhajoji su riƙa musayar matakan tsaro ba tare da an bi ta jadawali ba. Hanya ce mai kyau, amma har yau ofisoshi da yawa ta Excel suke bi, kuma za a jima a haka.

Shi ya sa nake roƙon shugabannin sassa da su daina ɗaukar lodi a matsayin aikin ƙaramin ma'aikaci da za a miƙa masa dab da tashi. A ba wanda ya san matakan, wanda zai ga 5.1 sau biyu gabansa ya faɗi. A ba shi wuni guda, a haɗa shi da mutum na biyu da zai sake ƙirgawa, su biyun su sa hannu. Tun ran gini ran zane. Bayanan da ake son karewa na mutane ne da suka miƙa amana ba tare da sun san sunan ko da mataki ɗaya ba, kuma hakkinsu ne a tabbatar matakan sun cika.