Jimeta: Inda Kafinta Ke Auna Iska

Baƙon da bai san Adamawa ba yakan ɗauka Yola gari ɗaya ne, alhali kuwa tagwaye ne masu hali daban. Akwai tsohuwar Yola wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, inda fadar Lamiɗo take, gari mai natsuwa da kunya irin ta Fulani. Akwai kuma Jimeta a bakin kogin Binuwai, wadda ta bunƙasa tun zamanin da jiragen ruwan Turawa ke zuwa ɗaukar kaya da damina. Can ne ofisoshin gwamnati da manyan kasuwanni da tashoshin mota suke. Idan Yola tana magana a hankali, to, Jimeta da ƙarfi take yi.

Tun daga tashar Jambutu kunnen matafiyi zai gaya masa haka. Keke Napep ya wuce da waƙar Hausa, tasi ta biyo da ta Fulatanci, ga wata mota tana rugugi da kiɗan Kamaru, kai ka ce hadari ne ya taso. Wannan rugugi kuwa daga wani akwatin katako yake fitowa, wanda ake ɓoyewa a but ko bayan kujera. Babbar lasifika ce a jikinsa, mai inci 10 ko 12, da wata kafa a gefe wadda aka zura wa bututu. Kafintoci da masu gyaran rediyo ne ke haɗa shi a rumfunan bakin titi, kuma galibin masu saye ba su san cewa wannan kafa ita ce ran akwatin ba.

Mai karatu, ɗauki kwalba ka busa bakinta. Za ka ji amo guda ɗaya. Zuba ruwa rabi ka sake busawa, sai amon ya sirance, domin iskar da ke ciki ta ragu. Wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, shi ya bayyana wannan al'amari a ƙarni na 19, sa'an nan a 1932 wani injiniya a Amurka, Albert Thuras, ya sami rajistar akwatin lasifika mai kafa. Daga baya Neville Thiele a 1961, da Richard Small a farkon shekarun 1970, suka tsara lissafinsa a Ostareliya. Matanmu masu kiɗan shantu ma sun san dogon shantu ya fi gajere kaurin murya.

Ƙa'idar ba ta da wuya. In akwati ya ƙara girma, ko bututu ya ƙara tsawo, amo zai yi ƙasa ya yi kauri. In bututu ya gajarta ko ya ƙara faɗi, amo zai hau. Ana auna amo da yawan karkarwar iska a daƙiƙa ɗaya. Kunnen ɗan Adam yana fara ji daga wajen 20, akwatin mota kuwa akan daidaita shi tsakanin 30 da 40. Misali, akwati mai cin lita 50 da bututu mai faɗin santimita 10 yana bukatar tsawon wajen santimita 30 kafin ya tsaya a 35. In aka datse bututun ya koma 15, sai ya haura wajen 45.

To, a nan ne dukiyar direba ke salwanta. Duk amon da ya faɗo ƙasa da inda aka daidaita akwatin, iskar ciki ba ta tallafa wa lasifika, sai fatarta ta riƙa fizga ba linzami har ta yage, ko zaren wutarta ya ƙone. Mai mota ya zargi lasifika, ya ce jabu aka sayar masa, ya sake zuba kuɗin da ya wuni yana tarawa a rana, alhali laifin na zarto ne. Haka nan bututun da ya cika ƙunci yakan yi huci kamar zugazugin maƙeri.

Gwanin da ya san aikinsa ba ya dogara da ido kaɗai. Yakan kwantar da akwatin, ya zuba 'yan ƙwayoyin gero a kan lasifika, ya sako amo daga wayar hannu yana saukar da shi sannu-sannu. Inda geron ya lafa, iska kuwa tana fita daga bututu da ƙarfi, nan ne akwatin ya daidaita. Dole kuma ya yi la'akari da ƙasar, domin zafin Maris da Afrilu a nan yakan wuce digiri 40 ya sassauta gam, danshin damina yana kumbura katakon da aka matsa daga garin itace, ƙurar hunturu kuma ta kafar take shiga. Ɗinkin da ya buɗe ko da kaɗan ne, duk lissafi ya rushe.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi kuɗi tsada. Masana lafiya sun yi gargaɗi cewa ƙarar da ta wuce desibel 85, in aka wuni cikinta kullum, tana cinye ji, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin wannan haɗari. Akwatin da aka auna daidai yana cika mota da murya ba tare da an murɗa rediyo har ƙarshe ba, ya bar direba ya ji oda a gadar Jimeta, ya bar maƙwabta su ji kiran salla.

Saboda haka, direbobinmu, kafin ku tambayi kafinta ƙarfin lasifika, ku tambaye shi tsawon bututu. Masu iya magana sun ce kowa ya yi da kyau zai ga da kyau. Allah Ya tsare mana kunnuwanmu da aljihunmu, amin.