ƊINYAR INNA

Wannan makon ku yi mini afuwa, ba zan ɗora labarinmu daga inda muka tsaya ba, domin akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Lahadin da ta wuce, kuma na san in ban amayar da shi ba alƙalamina ba zai yi tafiya ba.

Abin da ya faru shi ne, na je gida Mai'aduwa gaishe da Yayana, aka dace ranar kasuwa ce. Duk wanda ya san garinmu ya san Lahadi ba ta wasa ba ce: shanu, raƙuma, tumaki, ga mutanen Nijar sun ƙetaro ta Kwangwalam, ga motocin Kudu suna lodi. Can gefe, nesa da wannan hada-hada ta miliyoyi, na tarar da wata tsohuwa ta kasa ɗinya a kan buhu. Na saya, na miƙa wa autana ɗan shekara tara. Ya jujjuya ta, ya ce, "Umma, wannan kashin akuya ne?" Tsohuwar ta yi dariya. Ni kuwa dariyar ba ta zo mini ba.

Ni da ɗinya aka rene ni. A gonar mahaifinmu, bakin fadama, akwai wata babbar bishiyar ɗinya da kowa ke kira ɗinyar Inna, wato kakarmu. Da damina ta ja baya, kafin a yanke gero, sai ta fara zuba. Mukan yi sammako mu tsinto, baƙar mu ci a nan take har haƙoranmu su rine, ɗanyar kuma Inna ta rufe ta a tukunya sai ta nuna. Wadda ta yi yawa ta jiƙa, ta tace, ta ɗora a wuta tun hantsi har ruwan ya yi kauri ya zama maɗi. Da bazara kuma, idan rumbu ya yi ƙasa, sabon tohon ganyen, ɗinkin, shi ake dafawa a kwaɗanta da ƙuli. Hunturu na shigowa sai aduwa ta karɓa, ita da manya ke cewa daga gare ta garin ya samo suna, wadda da icenta ake sassaƙa allon da muka yi karatu. Ga magarya, ga kanya, ga goriba. Inna takan ce a farin 1973 waɗannan itatuwa ne suka riƙe mutane da yawa, lokacin da gona ta juya baya.

Duk Lahadi nakan ɗauki ƙwaryar maɗi in bi ta kasuwa. Da wannan cinikin aka saya mini littafin rubutu da biro tun daga firamare har na gama sakandare. Ke nan hannun da ke rubuta muku labarai, ɗinya ce ta koya masa riƙe biro.

Kwanan baya 'yata ta karanto mini a intanet cewa Turawan Ingila ma suna da irin tasu. Wani baƙin ɗan itace ne mai ƙaya da ke fitowa a shingen gonaki, suna kiransa balakberi. A zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, 'ya'yan talakawan ƙauye kan fita da kwanduna a watannin Agusta da Satumba su tsinko, a ci wani, a kai wani kasuwa don samun 'yan kwabbai. Da aka soke harajin sukari a 1874, sai dafa shi da sukari ya yi sauƙi, ya zama abin shafa wa burodi a gidan marar hali, kamar dai maɗinmu. Har camfi gare su, wai in lokacinsa ya wuce ba a tsinka, don Shaiɗan ya tofa masa yawu. Na ce ashe talaka ko'ina ɗaya ne, Allah kan ajiye masa rabonsa a inda ba mai shago. Bambancin kawai, su har yau jikokinsu na fita tsinka, ni kuwa ɗana bai san sunan tamu ba.

To, laifin wa? Nan ne inda maganar ke yi mini nauyi.

A 2004 na kammala littafina na farko, amma babu kuɗin kai shi Kano a buga. Mahaifinmu ya rasu, gonar ta zama gadonmu. Sai masu turmi da gawayi suka taya bishiyar. Yaya ya ce, "Ƙanwata, inuwarta ma cinye mana gero take yi, in kin yarda a sayar ki ɗauki kuɗin." Ban ko yi shawara da filo ba na amince. Kwana biyu suka yi suna sara.

Inna a lokacin idonta ya yi rauni, ba ta zuwa gona. Yaran unguwa ne suka kai mata labari. Da na shiga gaishe ta, ba ta yi mini wasan jika da ta saba ba. Ta ce, "Kishiya, wa kuka tambaya?" Na ce, "Inna, ai gonar tamu ce." Ta ce, "Gonar taku ce. Ɗinyar kuwa ta 'ya'yan mutane ce. Marainiyar da ba ta da jari, yanzu ina za ta?" Daga nan ba ta sake tayar da zancen ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Littafin ya fito, ya kuma samu karɓuwa, alhamdu lillahi. Amma ku da kuka karanta shi kun san abin da ke ciki: jaruma ta buɗe firij ta ɗauko tuffa da inibi, ta zuba wa Alhaji lemon kwali a kofin gilashi. Na duba littattafaina kaf, ban sami wurin da wani ya ci ɗinya ba, sai fa in ana son nuna ƙauyanci. Ba ni kaɗai ba ce, yawancinmu marubutan adabin kasuwa haka muke. Mun sare ta a gona, mun kuma sare ta a takarda, sannan muna mamakin yaranmu.

Ba cewa nake yi a daina cin tuffa ba, kuma na san mai sayar da bishiya ba don daɗi yake yi ba, ni shaida ce. Abin da nake cewa, bishiyar da aka yi shekaru ana jira ta girma, kuɗinta ba ya kai wata guda a hannu, kuma ba mai gonar kaɗai ke asara ba. Tsohuwar nan ta kasuwa ta gaya mini yanzu sai jikokinta sun yi tafiya mai nisa kafin su cika ƙwarya ɗaya.

Kafin in baro gida na tattara ƙwallayen da muka tsotse na ba Yaya. Ya dube ni ya ce, "Ke kina ganin za mu ci 'ya'yanta?" Na ce, "Yaya, wadda muka sayar ma ba mu muka shuka ba." Ya yi shiru, sannan ya ce in damina ta sauka zai binne su a bakin fadama, ya kewaye da ƙaya saboda awaki.

Autana kuwa, a mota ya cinye rabin ledar, ya leƙa madubi ya ga haƙoransa, ya ce in mun dawo a sayo masa wata.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mini. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labarinmu.