Riga Mai Ruwan Goro

Duk ranar 30 ga Satumba, ɗaliban Kanada kan sa riga mai ruwan goro. Abin ya samo asali daga Phyllis Webstad, wadda aka ƙwace wa sabuwar riga mai ruwan goro da kakarta ta saya mata, ranar da aka kai ta makarantar kwana ta mishan a 1973, tana 'yar shekara shida. Irin waɗannan makarantu sun raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasar kimanin 150,000 da iyayensu, sun hana su yarensu.

Abin da ke taɓa zuciyata shi ne, a makaranta ake tunawar. Yanzu akan gayyato dattawan ƙabilun cikin aji su ba da labarin da bakinsu, wani lokaci jikokinsu na cikin masu sauraro.