Harbin Tsuntsu Cikin Unguwa da Hakkin Maƙwabci

Muna son jawo hankalin 'yan'uwa ga wani abu da ya same mu a Unguwar Tudu, cikin ƙasar Gwarzo, a kakar bara.

Tsuntsaye sun matsa mana ƙwarai. Jan baki ya sauka kan geron da ke bayan gida, shirwa kuwa kullum sai ta sure ɗan tsako. Sai wani ɗan'uwanmu ɗan kasuwa ya kawo ƙaramar bindiga da harsashi marar ƙara, watau irin wanda gudunsa bai kai na sauti ba, ya ce da shi ba za a firgita kowa ba. Muka yi murna, muka bar shi yana harbi daga tsakar gida. Ran nan da hantsi ya auna shirwa ya kuskure, harsashin ya huda dangar kara, ya fasa randar maƙwabcinmu, alhali 'yarsa ƙarama tana tsugune gindinta tana wanke allo. Ba wanda ya ji ƙara balle ya kauce. Allah ne Ya kiyaye.

Da muka kai maganar ga malamin unguwa, bai hana mu kare dukiyarmu ba. Ya ce hankaka da shirwa suna cikin dabbobi biyar masu ɓarna da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halatta kashewa. Amma ya tuna mana hadisin Abdullahi ɗan Mugaffal da ke cikin Buhari da Muslim, inda aka hana jifa da 'yar tsakuwa saboda tana karya haƙori, tana tsiyaye ido. Ya ƙara da na Abu Musa al-Ash'ari, wanda ya umurci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu, kada ya ji wa Musulmi ciwo. In an hana tsakuwa, ina ga harsashin da yake iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya?

Ma'aikatan gwamnati kuma sun san Dokar Makamai ta 1959 ta wajabta lasisi, har ga bindigar iska.

To, jama'a, rashin ƙara ba ya rage kaifin harsashi, gargaɗin kawai yake ɗaukewa. Mu dai mun mayar da bindigar inda ta fito. Mun ɗaure gwangwanaye a igiya, mun kafa mutum-mutumi, mun rufa wa shanya raga, 'yan tsaki kuma mun sa su akurki. Mun rasa 'yan zangarnu kaɗan, mun biya randa, mun nemi gafarar maƙwabci. Damin gero ana samun madadinsa baɗi, idon yarinya kuwa babu.

Allah Ya ba mu ikon kiyaye hakkin maƙwabtanmu, amin.