Ƙarar Salansa da Ciwon Kan Yaro

Da mahaifinmu ya rasu, abin da ya bar mana a Gayam shi ne gona da wata tsohuwar a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Ƙanena ne ke tuƙa ta, yana kai masara kasuwar Birnin Gwari. Ta daɗe tana wata ƙara da safe, kuma duk gidan mun ɗauke ta a matsayin tarin tsufa.

A hunturun da ya wuce ya ɗauko mu zuwa Kaduna, ɗana mai shekara tara yana zaune tsakaninmu. Wanda ya san wannan hanya ya san ba a son tsayawa a kanta. Mun rufe gilasai saboda sanyi da ƙura, hankalinmu duka yana kan daji. Kafin mu kai Buruku yaron ya fara kukan ciwon kai, sannan ya yi amai. Ni ma kaina ya yi nauyi, amma na ɗora laifin a kan gargadar hanya.

Washegari da sassafe muka kai motar wurin wani dattijon bakanike saboda birki. Da ya ji labarin yaron, sai ya ce a bar ta ta huce sarai. Da aka tayar da ita, ya ce, “Malam, saurara.” Na ji wani ƙas-ƙas yana bin bugun inji, yana raguwa yayin da injin ke ɗumi. Ya bayyana mini cewa ƙarfe na buɗewa idan ya yi zafi, sai ya matse tsagar da hayaƙi ke bi. Ya sa yaronsa ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, nan take ƙarar ta fito fili. Ya haska fitila, ya nuna mini baƙin toka a inda bututun hayaƙi ya haɗu da inji: gasket ya ƙone, noti ɗaya ya karye. A ƙarƙashin ƙafafunmu kuma tsatsa ta huda ƙasan motar.

A nan karatuna ya dawo mini, a makare. Hayaƙin fetur na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma jini na kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau ɗari biyu. Ciwon kai, jiri, amai da barci su ne alamunta na farko, kuma takan kashe. Na tuna direban da ke gyangyaɗi a kan sitiyari muna cewa gajiya ce.

Aikin bai wuce yini ɗaya ba: sabon gasket, noti, da walda a ƙasan mota. Ƙanena ya ce, “Yaya, da na sani ai da tuni na gyara.” Ban ga laifinsa ba, domin ni da nake koyarwa a jami’a na ji ƙarar nan shekara da shekaru ban tambaya ba.

Roƙona ga masu tsofaffin motoci da shugabannin tashoshinmu shi ne a saurari inji da safe kafin ya yi zafi. In fasinjoji biyu suka yi kukan ciwon kai a tafiya ɗaya, a sauke gilasai nan take, a kuma duba salansa kafin a sake ɗaukar kowa.